Ƙafar baka da ta ƙi jin bitamin D: nazarin ciwon ƙashi na gado a jikin wata yarinya a Sakkwato

Gidan da ta fito

Yarinyar 'yar cikin garin Sakkwato ce, ta biyu a wurin uwarta. An sakaya sunanta da na unguwarsu. Mahaifinta ɗan kasuwar albasa ne, yana sarowa daga ƙauyukan fadama, uwar kuma tana ɗinki a cikin gida. A asibiti aka haife ta, ciki wata tara, nauyinta kilo 3.1, ba a ga wani abu a ƙafafunta ba. Ta sha nonon uwa har wata 20, rigakafinta ya cika. Yayanta namiji ya girme ta da shekara 3, dogo ne miƙaƙƙe.

Gida ne da ba a rabuwa da fura da nono, kusan kullum da rana sai an dama, yarinyar kuma tun da aka yaye ta take sha. Tsakar gidan a buɗe yake, nan take wuni tana wasa, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afirilu. Uwar gajeriya ce, santimita 146, ƙafafunta suna da baka wanda zane ke rufewa, haƙoranta 4 sun fita kafin ta cika shekara 30. A danginsu ƙirar gida ake ce wa wannan.

Wata 16 zuwa shekara 3: jira, sannan ɗauri

Ta fara tafiya a wata 16, tana rangaji hagu da dama. Kakarta ta wajen uba ta ce a bar ta, za ta miƙe. Maganar tana da tushe, domin yara da yawa kan fara tafiya da ƙafar baka, ta gyaru da kanta wajen shekara 2. Ta wannan yarinya kuwa ƙaruwa ta yi. Da ta kai shekara 2 da rabi, in ta haɗa idon sawunta biyu, tafin hannun babba yana shiga tsakanin gwiwoyinta. Ba ta iya bin yara da gudu, in an yi tafiya kaɗan sai ta tsuguna ta ce a goya ta.

Aka kai ta wurin wani maɗori. Ya yi mata tausa da man shanu, ya ɗaure ƙafafun da karare da tsumma, ana kwancewa ana sake ɗaurewa har mako 6. Fatar gefen gwiwa da ta idon sawu suka saluɓe, miki ya fito, sai mahaifin ya dakatar da ɗaurin. Lanƙwasar tana nan yadda take.

Shekara 3 zuwa 4: maganin riket

A wani asibitin unguwa aka fara duba ta. Wuyan hannunta ya yi kauri, hoton ƙashi ya nuna bakin ƙasusuwan ya yi faɗi ya yi gezage, alamar riket, wato ƙashin yaro yana tsiro amma ba ya ƙanƙara. Ratar da ke tsakanin gwiwoyinta santimita 8 ce.

Riket ba baƙon ciwo ba ne a Arewa, kuma akasarinsa daga abinci yake. Gero da dawa da masara ba su da kalsiyam mai yawa, ga shi suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotse shi. Binciken da aka yi a Jos kan yara 123, wanda aka wallafa a 1999, ya gano cewa kalsiyam ɗin da yaran ke samu a abinci bai wuce kusan miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam na mako 24 sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. A kan wannan sani aka ɗora ta: kalsiyam miligiram 1,000 a rana, da allurar bitamin D mai ƙarfi.

Uwar ba ta yi sakaci da maganin ba. Bayan wata 6 aka sake aunawa, ratar ta koma santimita 9, hoton ƙashi bai canza ba. Aka maimaita allurar, aka ƙara wata 6, aka kuma tura ta gwajin jini a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Sakamakon ya nuna kalsiyam 2.3, daidai. Alkalin fosfatas, wanda ke hawa in ƙashi bai ƙanƙara ba, ya wuce 700. Fosfet, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina ƙashi, 0.85. A gefen wannan lamba an buga iyakar lafiya 0.8 zuwa 1.5, don haka aka rubuta cewa fosfet daidai yake.

Shekara 4: haƙori, da tayin tiyata

Maruru ya fito mata a dasashi, saman haƙorin gaba wanda bai ruɓe ba, bai kuma taɓa buguwa ba. Aka cire haƙorin. Bayan wata 5 wani ya fito a ɗaya gefen.

A shekarar ne wani likita ya ba da shawarar a yanke ƙasusuwan ƙwauri a miƙe su. Mahaifin ya tsorata, kuɗin ma babu, maganar ta mutu. A gida kuma surutu ya fara yawa. Wata gwaggon yarinyar ta ce jinin dangin uwa ne, wasu suka ce auren zumunci ne ya jawo, alhali iyayen ba su haɗa kaka ba. Uwar ta daina fita da ita biki da suna.

Shekara 5 da wata 2: gano ciwon

Aka tura su sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tsawonta santimita 94, inda matsakaiciyar yarinya mai shekarunta ke kai kusan 110. Nauyinta kilo 15, ratar gwiwa santimita 11. Likitar yaran ta ce wa uwar ita ma ta tsaya jikin ma'aunin tsawo, ta duba ƙafafunta da bakinta, sannan ta tambaye ta wa ta biyo. Ta ce mahaifinta. Aka roƙi a zo da shi.

Tsohon ya zo daga ƙauye bayan mako 2, gajere, yana dogara sanda, haƙoransa saura kaɗan. Likitar ta ce, "Baba, a cikin 'ya'yanka su wa suka yi irin ƙafarka?" Ya ce, "Likita, haka Allah yay yi mu. Ɗiyana mata duk ni sunka biyo, mazan ko sunka biyo uwayensu." Matansa biyu. Uwargida tana da mata 3 da maza 2, amarya tana da mata 2 da maza 3. Matan 5 duk gajeru ne masu baka, wata ta fi wata, mazan 5 kuwa duk miƙaƙƙu. Ɗaki biyu, uwaye biyu da ba su haɗa jini ba, tsari ɗaya.

Wannan tsari yana da bayani. Kuromosom shi ne ƙunshin ƙwayoyin gado da mutum ke samu daga iyayensa. Mace tana da kuromosom X guda biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Uba kan ba 'yarsa X ɗinsa, ya ba ɗansa Y. In matsalar tana kan X ɗin uba, kuma kwafi ɗaya ya isa ya haddasa ciwo, to kowace 'yarsa za ta gada, ɗansa ko ɗaya ba zai gada ba. Uwa mai ciwon kuwa, kowane cikin da ta ɗauka rabi da rabi ne, ko namiji ko mace. Shi ya sa yayan yarinyar ya tsira, ita ta ɗauka. Auren zumunci bai shigo nan ba. Akwai wasu nau'o'in ciwon zubar fosfet da ke buƙatar gado daga uwa da uba duka, amma ba irin wannan ba.

Aka sake gwajin jini da safe kafin ta ci komai. Fosfet 0.82. Jinin yaro ya fi na babba fosfet domin ƙashinsa yana kan ginuwa, kuma a shekarunta ana sa ran ya haura 1.2. Iyakar da aka buga a takardar farko ta manya ce. Bitamin D ɗinta ya wadata, kalsiyam daidai, alkalin fosfatas 780. Gwajin fitsari ya nuna ƙoda tana zubar da fosfet da yawa duk da ƙarancinsa a jini. Ba a ga sukari ko furotin a fitsarin ba, kalsiyam ɗin cikinsa bai hau ba, abin da ya kawar da wasu cututtukan ƙoda masu kama da wannan. Fosfet ɗin uwar ma ƙasa yake.

Ciwon shi ne riket na gado mai zubar da fosfet, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da XLH, ana kuma ƙiyasta yana samun mutum 1 a cikin 20,000. Wani likitan Amurka, Fuller Albright, ya bayyana riket ɗin da ba ya jin bitamin D a 1937. A 1995 aka gano ƙwayar gadon da ke da matsalar, PHEX, a 2000 kuma aka gano sinadarin FGF23. In PHEX ta lalace, ƙashi kan fitar da FGF23 fiye da ƙima, shi kuma ya yi ɓarna biyu a ƙoda: ya sa ta saki fosfet cikin fitsari, ya kuma hana ta juya bitamin D zuwa nau'in da ke aiki a jiki. Ƙashi da haƙori da kalsiyam da fosfet tare ake gina su. In ɗaya ya yi ƙaranci ƙashi ya zauna da laushi, nauyin jiki ya lanƙwasa shi, cikin haƙori kuma ya zama da ƙofofin da ƙwayoyin cuta ke bi har saiwa. Marurun dasashin nan daga nan yake.

Ba a yi gwajin PHEX ko na FGF23 ba, kuɗinsu ya fi ƙarfin gidan. Tarihin dangi da gwajin jini da na fitsari sun isa a fara magani.

Wata 8 na farko: maganin daidai, sakamako babu

Magunguna biyu aka rubuta: fosfet na sha, da alfakalsidol, wani nau'in bitamin D da ba ya buƙatar ƙoda ta juya shi. An fara fosfet da miligiram 20 a kowane kilo na nauyinta a rana, aka ɗaga a hankali zuwa 40, wato miligiram 600, a raba shi kashi 5. Alfakalsidol maikirogiram 0.5 sau ɗaya. Likita ne ke tsayar da wannan awo yana gyara shi da gwaji, domin yawansa yana cutar da ƙoda. Alfakalsidol ana samunsa a manyan shagunan magani saboda masu ciwon ƙoda suna sha. Fosfet ɗin ne wahala, sai an yi saƙonsa daga Kano ko Legas. Ƙwaya ce mai narkewa a ruwa, miligiram 500, ana narka ta a mililita 50 a auna wa yarinya da sirinji.

Bayan wata 4 alkalin fosfatas yana 740, kusan bai motsa ba. Wata nas ta zauna da uwar ta ce ta kwatanta mata yadda take bayarwa tun daga safe har dare. Abubuwa biyu suka fito. Maganin yana da ɗanɗanon da yarinyar ke ƙi, sai uwar ta riƙa zuba shi cikin fura da nono. Kalsiyam ɗin nono yana haɗewa da fosfet a cikin hanji, su fita tare ba a tsotse ba. Na biyu, tun da yarinyar ta shiga makaranta, uwar ta haɗe kashi 5 ɗin ta mayar da su 2, safe da dare, da tunanin jimillar ai ɗaya ce. Gudawa ta biyo baya, har aka riƙa tsallake kwanaki. Fosfet ɗin da aka sha kan hau jini ya sauka cikin 'yan sa'o'i, tunda ƙodar ba ta daina zubarwa ba. Kamar tulu ne mai yoyo, ba a cika shi sau ɗaya a tafi, sai dai a yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Sai kuma kasuwar albasa ta faɗi. Mahaifin ya ga ba zai iya sayen biyun ba, ya zaɓi fosfet, tunda shi aka ce ya yi ƙaranci, ya bar alfakalsidol wata 2. Gwajin da ya biyo baya ya nuna sinadarin PTH ya hau. Shi ne ke zaƙulo kalsiyam daga ƙashi in jiki ya ji ya ragu, kuma fosfet ba tare da bitamin D mai aiki ba yana tayar da shi. Yarinyar ta koma kukan ciwon ƙafa da dare.

Shekara 6 zuwa 7: gyaran tsari

Ba a canza magani ba, tsarin shansa aka canza. Aka ɗaura shi a kan lokutan da gidan ya riga ya riƙe: bayan sallar asuba, da hantsi lokacin tara a makaranta, bayan azahar, bayan la'asar kafin ta tafi Islamiyya, da bayan isha'i. Na hantsi uwar tana aunawa a ƙaramar kwalba, malamar ajinsu ta ba ta. Da ruwa zalla ake sha, fura da nono kuma a ba su tazarar kamar awa biyu. Gudawar ta tsaya da aka rarraba shi. Kawunnanta biyu, 'yan'uwan uwar maza, suka ɗauki nauyin alfakalsidol, aka kuma riƙa yin saƙon fosfet na wata 3 tun na hannu bai ƙare ba. An gaya wa mahaifin a fili cewa in ɗaya ya yanke, ya zo asibiti kafin ya ci gaba da ɗayan.

Cikin shekara guda alkalin fosfatas ya sauko 390, PTH ya koma daidai, bakin ƙasusuwan ya yi sumul a hoto. Ta ƙara santimita 6.5, ratar gwiwa ta ragu daga 11 zuwa 8. Fosfet na safe bai wuce 0.95 ba, kuma ba a nemi ya wuce ba. A wannan magani ba a bin lambar fosfet a yi ta ƙara awo, girman yaro da hoton ƙashi da alkalin fosfatas ake kallo.

Shekara 7 zuwa kusan 9: tiyata

Ratar ta tsaya a santimita 8 har wata 6, ƙafar hagu ta fi ta dama lanƙwasa. Likitocin ƙashi suka zaɓi tiyatar da ba a yanke ƙashi. Ana ɗaura ɗan ƙaramin ƙarfe da kusoshi biyu a gefen waje na wurin da ƙashi ke tsiro, kusa da gwiwa. Gefen da aka riƙe ya rage gudu, na ciki ya ci gaba da girma, ƙafar ta miƙe da kanta a hankali. Dabarar tana buƙatar yaro ya kasance da sauran shekarun girma, kuma ƙashin ya riga ya fara jin magani. Ta taka ƙafa cikin kwanaki kaɗan. Bayan wata 17 ratar ta koma santimita 2, aka cire ƙarafan don kada ta zarce ta koma gwame.

Ƙanenta

Tana shekara 6 da rabi uwar ta haifi namiji. Aka gwada jininsa yana wata 4, aka maimaita yana wata 7. Fosfet ƙasa, alkalin fosfatas yana hawa. Aka fara masa magani yana wata 8, tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Yanzu shekararsa 3 da rabi, ratar gwiwarsa santimita 3, tsawonsa yana ƙasa-ƙasa amma cikin iyakar sa'o'insa, ba a kuma yi maganar tiyata ba.

Shekara 10: inda ake

Tsawonta santimita 122, matsakaiciyar sa'arta tana kusan 138. Tana zuwa makaranta da ƙafa, tana tsalle da igiya, ciwon dare ya daina. Maruru ya sake fitowa sau ɗaya, ana kai ta likitan haƙori duk wata 6. Hoton sikanin na bana ya nuna kalsiyam ya fara ɗan taruwa a ƙodarta, matsalar da aka san tana biyo wannan magani. Aka rage awo, aka kuma nanata yawan shan ruwa, musamman a bazara. Ta fara roƙon a bar ta ta yi azumi kamar ƙawayenta, iyayen sun yarda a ɗage har sai an zauna da likita da malami.

Akwai sabon magani, burosumab, allurar da ake yi wa yaro duk mako 2, mai kama FGF23 ɗin kansa ta hana ƙoda zubarwa. An amince da shi a Turai da Amurka a 2018, kuma gwajin da aka yi kan yara 61, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna ya fi fosfet da bitamin D warkar da ƙashi. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala 100,000 a shekara. An gaya wa iyayen akwai shi, ba a wuce nan ba.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

Ɗauri ya gaza domin babu karaya, ƙashi ne mai laushi da ke ɗaukar nauyi kullum. Ɗora ta a kan kalsiyam da bitamin D da farko kuwa ba kuskure ba ne, yawancin yaran da ke zuwa da irin wannan ƙafa shi suke buƙata, suna kuma warkewa. Inda aka yi hasara shi ne bayan wata 6 ɗin farko. Yarinya mai shan nono kullum, mai wuni a ranar Sakkwato da ke sa fata ta samar da bitamin D, ta sha magani rabin shekara ƙafa tana ƙara lanƙwasa: a nan ya kamata a tsaya a sake tunani maimakon maimaita allura. Amsar tana cikin ɗakin tun ranar farko, a tsawon uwar da haƙoranta, tana kuma kan takardar gwaji da aka karanta da ma'aunin manya. Kusan shekara 2 suka tafi tsakanin nan da gano ciwon, a shekarun da ƙafar yaro ke kan yin tsawo, kuma tsawon da ya tafi a lokacin ba ya dawowa duka. Abin yana da ciwo, domin tambayar dangi kyauta ce, rubuta iyakar fosfet ta yara a takardar gwaji ma ba ta cin kuɗi.

Ƙin tiyatar shekara 4 ya zame mata alheri, ko da yake tsoro da rashin kuɗi ne suka jawo shi. Ƙashin da aka yanke aka miƙe alhali ƙoda tana ta zubar da fosfet yakan sake lanƙwasawa. Da aka gano ciwon ma, takardar likita ita kaɗai ba ta warkar ba. Abin da ya juya lamarin shi ne zaman da nas ta yi da uwar, da raba maganin kashi 5 a lokutan da ba a mantawa, da kawunnan da suka hana ɗaya daga cikin biyun yankewa. Na ƙanen ya tafi daidai da abin da bincike ya nuna, cewa yaran da aka fara wa magani kafin shekara 1 sun fi samun tsawo, ko da yake yaro ɗaya ba hujja ba ne, kuma tsananin ciwon kan bambanta ko a gida ɗaya.

Aikin bai ƙare ba. Innonin yarinyar 4 duk suna da aure da 'ya'ya, kowane ɗansu rabi da rabi ne. Biyu sun kawo nasu, an gwada yara 4, an samu ɗaya, an fara masa magani yana shekara 2. Sauran biyun suna ƙauye, mazansu ba su ba da izinin tafiya ba tukuna, ɗaya kuma tana da ciki. An ba kakan takarda mai ɗauke da sunan gwajin da iyakar fosfet ta jarirai, ya ce in an yi suna shi da kansa zai kawo su.